Neman shawara: an bar mini karen Husky, ga bazara ta kunno kai a Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a nan Zinder. Yayana yana aiki a Yamai, wani Bature abokin aikinsa da zai koma gida ya bar masa kare irin wanda ake kira Husky, mai shuɗin idon nan. Mai gidan da yake haya ya ce bai yarda ba, shi ne ya aiko mini da shi cikin hunturu. Da sanyi lafiya lau muka zauna. Yanzu kuwa wuni yake haki, harshe a waje, ya tona rami gindin randa ya kwanta ciki. Gashi na ta zuba har bakin murhu, uwargida ta fara ƙorafi. Shekaranjiya ya haura katanga ya kashe wa maƙwabci zabi, sai da na biya. Abin haushin, baƙo zai shigo har tsakar gida yana kaɗa masa wutsiya. Wani ya ce in sa a yi masa aski ƙwal. In yi? Sannan sauran tuwo da miya muke zuba masa, ko da matsala?

Wani likitan dabbobi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, don Allah kada reza ta taɓa shi. Gashinsa hawa biyu ne, na ciki mai laushi da na waje mai kauri, kuma yadda yake tare sanyi haka yake tare rana. Aske shi kamar ka yaye rufin soro ne ka ce kana neman sanyi a ɗaki. Fata za ta ƙone, gashin ma ba lalle ya dawo daidai ba. Zubar da kake gani ba cuta ba ce, sau biyu a shekara suke kaɗe na cikin. Ka samu matajin ƙarfe ka riƙa taje shi kullum a bayan gida, za ka cika leda, uwargida kuma ta huta.

Abin da ya fi damuna zafin ne. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Jikinsa digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 rai na cikin haɗari, ka kuwa san Afrilu da Mayu a nan garin iskar kanta tana wuce 40. In ka ga yawu na dalala, dasashi ya yi ja wur, yana tangaɗi ko amai, ka kai shi inuwa, ka zuba masa ruwan randa a kan cikinsa da hammata da tafin ƙafa, ka kunna fanka, ka nemi likita a take. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen bargo, zafin yake riƙewa. Ramin gindin randa kuwa ka bar masa, dabara ce ya yi wa kansa.

Miya da albasa da tafarnuwa ka daina, suna lalata jinin kare. A dafa masa shinkafa da nama ko kayan ciki ko ƙwai, ba yaji ba magi, ba dafaffen ƙashin kaza. Ka tambayi yayanka takardar rigakafinsa, musamman ta haukan kare. Ka riƙa duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska, a irin gashin nan ba a ganinta sai ta ƙoshi.

Malamin makaranta daga Birni:
Malam, in don gadi ka karɓe shi, an yi asarar tuwo. Mutanen Chukchi na arewa maso gabashin Saibiriya ne suka kiwata su don jan kaya a kan ƙanƙara, tare da 'ya'yansu suke tashi, shi ya sa kowa nasu ne. A 1925 irinsu suna cikin karnukan da suka yi gudun ba-ni-in-ba-ka da maganin mashaƙo zuwa garin Nome na Alaska, sama da kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Dabbar da aka yi don wannan ka ajiye a tsakar gida, dole ta haura katanga. Ka fita da shi bayan asuba da kuma bayan isha, da igiya a wuya koyaushe, don in ya hango akuya ba ya jin kira. Ka dafa ƙasa da tafin hannunka tukuna, in ta ƙona ka shi ma za ta ƙona shi.

Wata Hajiya:
Ɗana, ni gaskiya zan faɗa maka. Garin da muke sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa, wuta ta zo ta tafi, ina kai ina karen da ke son kilim, na'urar sanyaya ɗaki? Yau zabi ne, gobe ragon layyar wani. Ka mayar wa yayanka ya nemi mai hali.

Wani ɗalibin ilimi:
Hajiya ta yi gaskiya ta wani ɓangare. Hadisi ya yi rangwame ne ga karen farauta da na kiwo da na gona, malamai suka ƙara na gadi in da buƙata. Wannan ko haushi ba ya yi. Ka tambayi malaminka. Amma muddin yana hannunka, ci da sha da inuwarsa haƙƙi ne a wuyanka, kada a ɗaure shi a rana don an gaji da shi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Aski an fasa. Akwai tsohon ɗakin ƙasa a gidan da muke ajiye hatsi, da rana sanyi ƙalau, zan kwashe buhunan in sa masa fankar sola. Hajiya, na ji maganarki, zan kira yaya da dare. Likita, kukan nan da yake yi cikin dare kamar kyarkeci, ciwo ne?

Likitan dabbobi:
Ba ciwo ba ne, haka muryarsu take, kuma kaɗaici na ƙara shi. In ya gaji da tafiya zai rage. Ɗakin hatsin dai ka share shi tas kafin ya shiga, ka tabbata ba a taɓa zuba maganin ɓera a ciki ba.