Kafaɗa da bayan wuya sun ƙi saki: ku ba mu labarin yadda kuka yi da naku

Mai ɗinki, Fagge

Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda suka taɓa fama da wannan abu nake so su taimaka mana da bayani. Kafaɗuna da bayan wuyana sun daɗe a ɗaure, musamman ɓangaren dama, tun daga ƙeya har saman allon kafaɗa. Ban faɗi ba, ban kuma ɗauki wani kaya mai nauyi ba. In na danna wurin da yatsa sai in ji wani ƙullutu mai tauri, in na matsa shi kuwa zafin har cikin kaina yake hawa. Lokacin ɗinkin sallah ya fi tsananta, kaya sun taru, masu kaya suna ta kira, ga wuta babu. Amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ko bayan sallah, da zarar maganar kuɗin hayar shago ta taso sai ya dawo, ko da ranar ban hau keken ɗinki ba. Man zafi nake shafawa, ya lafa zuwa dare, gari na wayewa ya dawo. Me kuka yi ya yi muku amfani?

Malamar firamare, Zariya

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba da lafiya. Nawa a lokacin makin jarabawa yake tashi, da kuma ƙarshen wata in albashi ya yi jinkiri. Wata abokiyar aikina ce ta fara ankarar da ni. Muna zaune a ofis ina duba takardun yara, sai ta dafa ni ta ce, "Malama, sauke kafaɗarki mana, ta kusa taɓa kunnenki." Wallahi ban san a ɗage take ba sai da ta faɗa. Da na sake ta, sai na ji wurin ya yi wani irin tsami.

Tun daga nan na haɗa abin da lokutan salla, don su ne ba na mantawa da su. In na idar, kafin in tashi daga kan darduma, sai in ɗaga kafaɗun sama da gangan, in matse su sosai, in riƙe kaɗan, sannan in sake su gaba ɗaya tare da fitar da numfashi. In maimaita haka sau uku ko huɗu. Ba zan ce ya warke tas ba, amma ciwon kan da nake kwana da shi ya ragu ƙwarai. Ka gwada duba kanka a kan keke, ina kyautata zaton kai ma a ɗage kake riƙe ta.

Direban a-daidaita-sahu

Maigida, ni dai gargaɗi zan yi, ba magani zan bayar ba. Mu masu wannan sana'a kusan kowa yana da wannan ciwo: wuni guda hannu a riƙe da kan mashin, ga ramuka, ga cunkoso, ga tunanin balas ɗin mai mashin tun kafin ka sami na cefane. Da yamma sai a biya kemis a ce a ba da haɗin gajiya, a ƙulle maka ƙwayoyi a leda, ba ka san sunan ko ɗaya ba. Na daɗe ina sha, kuma gaskiya yana sa barci mai daɗi. Sai cikina ya fara zafi, musamman in ban ci abinci ba. Da na je asibiti likita ya ce gyambon ciki ne, ya tambaye ni abin da nake sha, ya ce irin su diclofenac da ibuprofen in aka daɗe ana sha suna cin ciki, suna kuma taɓa ƙoda. Ya hana ni su. Yanzu ga ulsa, ga kafaɗar tana nan. Abin da nake yi kawai shi ne wanka da ruwa mai ɗumi in na dawo, in tsaya in zuba a wuyan a hankali, sai yarona ya tausa mini. In fasinja ya yi ƙaranci da rana kuma, na kan sauka in ɗan taka maimakon in zauna a ciki ina danna waya.

Uwargida, Maraɗi

Sannunku. Ni tawa kafaɗar ta kama ni ne lokacin da mahaifiyata take kwance, ni ke jinya, ni ke girki, ga goyo. Na ɗauka goyon ne da ɗaga ta da nake yi. To amma bayan Allah ya yi mata rasuwa, na yaye yaron, aikin ya ragu, ciwon bai ragu ba, sai ma ƙaruwa. Da dare in kwanta, ido biyu, haƙorana a cije. Maigidana ne ya ce yana jin ƙarar haƙoran cikin barci.

Abin da ya fi yi mini amfani a jiki shi ne gashi. Ƙanwata takan tsoma tawul a ruwan zafi, ta matse, ta ɗora mini a kan kafaɗa, in ya huce ta sake. Daga nan ta shafa man kaɗe ta bi da babban yatsa daga ƙeya zuwa ƙasa, a hankali, ba da ƙarfi ba. Amma in faɗa muku gaskiya, ina ganin rabin maganin hirar da muke yi ce tana gasa mini. A nan nake faɗin abin da ban faɗa wa kowa ba, wani lokaci har in yi kuka. Mu mata an saba ce mana a yi haƙuri, kuma haƙurin muna yi, sai dai jiki ba ya ɓoye abin da baki ya ɓoye. Ranar da na yi magana na fi samun barci.

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari

Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Ni kam ƙaho ne ya raba ni da shi. Wanzami ya kafa mini a bayan wuya da tsakanin kafaɗu, na tashi sakayau. Duk lokacin da na ji ya fara taruwa sai in koma. Ku daina wahalar da kanku.

Malamar firamare, Zariya

Alhaji, ai ka ce kana komawa. Ke nan dawowa yake yi.

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari

Malama, kin kama ni. Yana dawowa, musamman in dala ta tashi bayan na sayar da kaya a tsohon farashi. Amma dai ina samun sauƙi na wani lokaci, wannan ba zan musa ba.

Ma'aikacin sashen gashi a asibiti

Sannunku da ƙoƙari. Irin wannan ƙorafi kullum muna ganinsa, kuma ni kaina ina fama da shi, don haka bari in ɗan tsawaita.

Wurin da mai ɗinki ya kwatanta wata faffaɗar tsoka ce da ake kira trapezius. Daga ƙeya ta faro, ta bazu zuwa kan kafaɗu biyu, ta gangara tsakiyar baya. Ita ce ke ɗaga kafaɗa sama. In mutum ya shiga tsoro ko damuwa, jiki yakan saki sinadarai irin su adrenaline da cortisol, zuciya ta ƙara bugu, tsokoki su ɗaure don shirin gudu ko kare kai. In abin na ɗan lokaci ne, kamar mota ta taso maka ka kauce, jiki yana komawa daidai. Amma kuɗin haya da bashi da jinya ba sa wucewa cikin minti biyar, sai tsokar ta wuni ta kwana a ɗaure. Kamar mutum ne ya dunƙule hannu tun safe bai buɗe ba. Ko bai ɗauki komai ba, zuwa yamma hannun zai yi tsami. Ga kuma numfashi: mai damuwa gajeren numfashi yake yi daga saman ƙirji, wanda ke sa tsokokin wuya aikin da ba nasu ba. Sannan kan babban mutum ya kai wajen kilo 5, kuma duk yadda ka sunkuyar da shi gaba, a kan keke ko takarda ko waya, haka nauyin da wuya ke riƙewa yake ƙaruwa. In damuwa ta haɗu da sunkuyo, shi ne abin da kuke ji.

Abin da Malama take yi bayan salla yana da asali a likitanci. Wani likita ɗan Amurka, Edmund Jacobson, shi ya tsara wannan hanya tun shekarun 1920: ka matse tsoka da gangan, ka sake ta, har jiki ya koyi bambancin ɗaurewa da saki. Yawancin masu wannan ciwo sun manta yadda sakin yake, shi ya sa sai an dafa su suke ganewa.

Ni ga abin da nake yi, nake kuma koya wa marasa lafiya. Ka zauna a miƙe, ka kama gefen kujera da hannun dama don kafaɗar kada ta bi ka, ka karkatar da kai zuwa hagu har ka ji jan a gefen wuya, ka riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 kana numfashi, sannan ka juya ɗaya ɓangaren. Ja za ka ji, ba zafi ba. In ya zama zafi ka rage. Sai ka mayar da haɓa baya ba tare da ka sunkuya ba, ka riƙe kaɗan, ka saki. Sai ka matse allunan kafaɗa biyu zuwa baya da ƙasa. Duka bai fi minti uku ba. Yin sa kaɗan-kaɗan sau da yawa a wuni ya fi a tara a yi na awa guda ranar Lahadi. Gashi da ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20 yana da kyau, kamar yadda ake yi wa uwargida ta Maraɗi, a dai kula kada a ƙona fata, musamman masu ciwon suga da ba sa jin zafi sosai. Tafiya da ƙafa kuma tana taimaka wa tsokar da zuciyar gaba ɗaya.

Maganar ƙaho, Alhaji, ba zan yi musu da sauƙin da ka ji ba. Abu biyu kawai: a tabbata askar sabuwa ce kuma kayan tsaftatattu, don ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Na biyu, ƙaho ba ya sauke farashin dala.

Nas, Katsina

Ina goyon bayan bayanin ɗan uwa, amma don Allah kada kowane ciwon kafaɗa a ce damuwa ce a zauna a gida. In ciwon ya zo da nauyin ƙirji, gumi, ƙarancin numfashi, ko yana bin hannun hagu ko muƙamuƙi, wannan asibiti ne nan take, yana iya zama zuciya. In wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani, mu a nan mun san sanƙarau, musamman lokacin zafi, ba a jira. In hannu yana sagewa, ko yatsu suna mutuwa, ko abu yana suɓucewa daga hannunka, wataƙila jijiya ce ta matsu a ƙashin wuya, sai an duba. Akwai kuma wanda gaɓar kafaɗar ce kanta take riƙewa, mutum ya kasa ɗaga hannu ya sa riga ko ya kai hannu baya. Wannan daban ne, kuma ya fi yawa ga masu ciwon suga. Wanda ke Kano ga Asibitin Ƙashi na Dala, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen gashi. Tunda an zo asibitin, a auna hawan jini ma, ba ya cin lokaci.

Ga ɗan uwa mai a-daidaita, Allah ya ƙara sauƙi. Duk wanda za a ba wa haɗi ya tambayi sunan kowace ƙwaya. Wasu har tramadol suke sakawa a ciki, mutum ya wayi gari ba ya iya fita aiki sai da ita.

Ɗaliba, Sakkwato

Ni lokacin rubuta furojet nawa ya kama ni. A kan katifa nake aiki, kwamfuta a cinya, kai a sunkuye har tsakar dare, ga fargabar malamin da ke duba aikin. Na koma tebur, na ɗora kwamfutar a kan littattafai har allon ya zo daidai idona, na kuma daina kwanciya da waya a hannu. Akwai wata dabara da yayana ya nuna mini: ƙwallon tanis za ka sa tsakanin bango da bayanka, daidai kan ƙullutun, ka jingina a hankali kana ɗan motsawa. A kan tsoka ake sawa, ba a kan ƙashin baya ba. Da farko da zafi, daga baya sai ka ji wurin ya saki. Jakar goyo ma na koma rataya ta a kafaɗu biyu.

Mai ɗinki, Fagge

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau na lura, in ina zura zare ko ina bin layin aiki a wuyan riga, numfashi ma riƙewa nake yi. Tambaya ɗaya ga ma'aikacin gashi: kujerata benci ce marar majingina, kuma keken ya ɗan yi mini ƙasa. Wanne zan fara gyarawa? Sannan matashi fa, babba ya fi ko ƙarami?

Ma'aikacin sashen gashi a asibiti

Tsayin ka fara gyarawa, Malam. In ka zauna, gwiwar hannunka ta zo kusan daidai da teburin keken, kafaɗa a sake. In keken ya yi ƙasa za ka sunkuya, in ya yi sama za ka ɗage kafaɗa, duka biyun matsala ne. Kafinta zai iya rage ƙafar bencin, ko a sa katako a ƙarƙashin keken. Ka ƙara haske a kan allura, don rashin gani sosai shi ke jawo kai gaba. Duk rigar da ka gama, ka miƙe tsaye kafin ka ɗauki ta gaba.

Matashi kuma ya danganta da kwanciyarka. In a gefe kake kwana, ka nemi wanda zai cike tsakanin kunne da kafaɗa, wuya ya miƙe daidai da baya. In rigingine ne, mai ɗan laushi marar tudu ya isa. Rubda ciki ne ba na so, don wuya yana kwana a murɗe. In ka yi wata guda kana waɗannan ba ka ga canji ba, ka zo a duba ka da hannu.