Tarin fuka a ƙashin baya: shin gwajin allura abin dogaro ne?

Tambaya daga Argungu:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu yana fama da ciwon baya da zazzaɓin dare, gwajin majina bai nuna komai ba, amma likita yana zargin tarin fuka ya kama ƙashin bayansa, ya ce za a ɗebo ɗan nama da allura ana kallo ta na'urar hoto. Shin gwajin abin dogaro ne, kuma babu haɗari?

Ma'aikacin lafiya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Majina ba ta cika nuna tarin da ba a cikin huhu yake ba. Hoton yana nuna wa likita hanyar allurar, har ya kauce wa laka da manyan jijiyoyi. Ku nemi a gwada naman da GeneXpert, wani gwajin na'ura na gano tarin fuka, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, domin cikin kusan awa 2 yana gano ƙwayar cutar da bijirewarta ga rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka. Sai dai rashin ganinta ba ya kore cutar, domin wani lokaci naman da aka ɗebo ba ya isa.

Wata ma'aikaciyar jinya, Yauri:
Ana kashe zafin wurin kafin a soka, kuma yawanci abin da ke biyo baya ɗan ciwo ne da ɗan jini. Idan yana shan maganin tsinka jini, ku sanar da likita tun da wuri.