Ɗura wa alƙalami mai lamba tawada: ɓarna ce ko gata?

Alhaji Lawal: Alƙalamin da aka ƙera shi ƙayyadadde, aka buga masa lamba a jiki, ranar da ya sha tawada ranar darajarsa ta faɗi. Ku ɗauki alƙalamin da ake kira Lorenzo de Medici na kamfanin Montblanc, wanda ya fito a 1992, jikin azurfa, guda 4810 kacal. Mai saye a wajen gwanjo abu uku yake tambaya: akwatinsa na nan? Lambar takardar shaida ta yi daidai da ta jikinsa? An taɓa ɗura masa tawada? Ta ukun nan ba ta ɓoyuwa. Ko an wanke, a sa gilashin ƙara girma a duba tsagogin da ke ƙarƙashin bakin, za a ga shaida.

Hajiya Bilkisu: Alhaji, ajiyar ma tana da nata lahanin. Alƙalami mai fistin, wato mai sandar zuƙo tawada a cikinsa, idan ya shekara goma ba a murɗa shi ba, giris ɗin ciki ya bushe, robar ta manne da bango. Mai shi ya zo ya murɗa da ƙarfi, sandar fistin ta karye, kuma kayan gyaran irin waɗannan ba ko'ina ake samu ba. Sannan wanda bai taɓa rubutu da shi ba, ta ina zai san ƙafafun bakin biyu sun daidaita? Sai garanti ya ƙare a gano yana kartar takarda.

Nura: Ranka ya daɗe, ni ina ganin sai an fara tambayar da me aka yi jikin. Seluloyid, wani nau'in filastik, irin wanda masana'antar alƙalami ta Omas ta yi suna da shi kafin ta rufe a 2016, yana shan launin tawada, tabon kuma ba ya fita duka. A nan Alhaji ya yi gaskiya. Amma shi ɗin ne kuma bai son a kulle shi a akwatin da iska ba ta shiga. Idan ya fara lalacewa yakan fitar da tururi mai asid, zoben ƙarfensa ya yi kore, jikin ya tsattsage kamar ƙanƙara, har ya shafi na kusa da shi. Na Japan masu zanen maki-e kuwa, irin na kamfanin Namiki, ƙaron urushi ne aka shafa hawa-hawa aka barbaɗa garin zinare. Tawada ba ta cika damunsa ba in an goge da wuri. Hasken rana ne maƙiyinsa, sheƙin ya dushe kuma ba ya dawowa. Wanda ya jera shi a kabad ɗin gilashi kusa da taga ya fi mai rubutu da shi kullum cutar da shi.

Alhaji Lawal: To bakin fa? Zinare ne, zinare kuwa taushi gare shi.

Malam Isa: Zinaren ba ya taɓa takarda, Alhaji. Ko 585 aka rubuta, wato karat 14, ko 750, karat 18, a tsininsa akwai ɗan ƙwallo na ƙarfe mai tauri da aka liƙa, shi ke gogar takarda, kuma yana shekaru da dama bai cinye ba. Inda ake ɓarnar daban ne: cusa murfi a gindin alƙalami lokacin rubutu, wanda ke barin zoben karce, da barin tawada ta bushe a ciki, da tawadar da ba ta dace ba. Ta masu zane mai ƙaro tana toshe shi gaba ɗaya. Mai ƙyalƙyali tana cika tsagogi, ja da shunayya kuma sun fi barin tabo. Shuɗiya mai wankuwa ita ce lafiya lau. Duk mako huɗu zuwa shida a zuƙo ruwa mai sanyi a fesar har ya fito fari, a kifa bakin a kan tsumma ya kwana. Ban da ruwan zafi, ban da sifirit, ban da injin wanki mai girgiza, don yana iya ɓamɓare duwatsun ado da ɓawon dodon koɗin teku da aka manna.

Hajiya Bilkisu: A ƙara da azurfa. Kada a haɗa ta wuri ɗaya da ebonait, wato roba mai tauri da ake yin jikin wasu alƙaluma da ita, domin farar wutar da ke cikinsa na sa ta baƙi. Mai ruwan zinare a sama kuma kada a sa masa man gogewa, ruwan zai tafi da dattin.

Alhaji Lawal: Duk na ji, amma ba wanda ya ce mini farashin wanda aka yi rubutu da shi ya kamo na sabo dal. Zancen fistin dai na karɓa. A zuƙo tataccen ruwa zalla sau biyu a shekara, a bar shi ya bushe sarai kafin a rufe.

Nura: In dai ba na kasin ba ne, wanda ake yi daga madara, irin wasu na kamfanin Conway Stewart. Wannan ya jima a ruwa kumbura yake yi.