Rance a kan harajin da bai shigo hannu ba

Malam Sani: Ni fa ban ga dalilin ɗaure wa ƙaramar hukuma hannu ba. A Amurka harajin gidaje galibi sau ɗaya ko biyu yake shigowa a shekara, albashin malamai da 'yan kwana-kwana kuwa ba ya jira. Gari ya ranto kuɗi na 'yan watanni, haraji ya shigo ya biya, shi ke nan. Me ya kai jihar Kalifoniya cewa kada rancen ya wuce kashi 85 cikin 100 na abin da ba a tara ba tukuna?

Hajiya Binta: Malam, ba kowane mai gida ne zai biya ba. Wani ya tsiyace, wani yana kotu yana jayayya da kimar gidansa. Kashi 15 ɗin nan saboda su aka bar shi.

Malam Sani: Ai ma'ajin gari ya fi 'yan majalisar jiha sanin mutanensa.

Auwal: Baba, da izininka. Niyok ma ta san mutanenta. Kafin 1975 ta riƙa cin sabon rance tana biyan tsoho, har bashin gajeren lokaci ya kai kusan dala biliyan 6. A lissafin harajin da take rance a kansa har da gine-ginen da ba a karɓar musu haraji, wasu ma mallakar birnin ne. Kai ne mai bin bashin, kai ne wanda ake bi! Da bankuna suka janye, sai da jiha ta kafa hukumar da ta karɓe ragamar kasafin birnin daga hannun Magajin Gari Abraham Beame.

Malam Sani: To ɗana, ka taimake ni ba ka sani ba. Lissafin ƙarya ne ya kayar da su. Wanda ya kumbura adadin haraji, kashi 85 ɗinsa ma kumburarre ne.

Hajiya Binta: Nan kam kana da gaskiya. Shi ya sa ni wa'adin biyan rancen ya fi damuna. A Kalifoniya wata 15 ne iyaka, kuma daga kuɗin shigar shekarar da aka ci rancen za a biya.

Auwal: Ku tuna Chikago a farkon shekarun 1930. Haraji ya maƙale, aka riƙa ba malamai takardar alkawari a madadin albashi, mai kanti ya karɓa ya zabge wani abu daga darajarta.

Malam Sani: Wa'adi na yarda. Kashi 85 ɗin ne har yanzu ban ga wanda ya gaya mini me ya hana shi zama 90 ba.