Kundin blues na jitar lantarki da ya fara kama ku, wanne ne kuma yaya kuka ji shi?

Ɗan Fagge: Salam yan uwa. Ina so kowa ya faɗi yadda ya fara zama ya saurari kundin blues, wato salon kiɗan nan da ya samo asali wajen baƙaƙen fatan Amurka, mai jitar lantarki tun daga farko har ƙarshe, ba guntun bidiyo na TikTok ba. Ni Texas Flood ne na Stevie Ray Vaughan, na 1983. Wani mai gyaran rediyo a layinmu ya sa min a memori, yace kar in kuskura in ji shi da sifikar waya. Na haɗa da babbar sifikar gida, wlh abin da ya fara ɗaure min kai mutum uku ne kawai, mai jita da mai bes (jitar nan mai kaurin murya) da mai ganga, amma sautin ya cika ɗakin ba ka jin akwai wani gurbi.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Ni ta gefen gida na shigo abun. Mu nan kiɗan jitar Abzinawa muka tashi da shi a bukukuwa, to lokacin da Bombino na Agadas ya fitar da Nomad a 2013 sai naji sautin ya canza yayi kauri yayi ƙura, da na bincika ashe a Nashville ta Amurka aka ɗauke shi, kuma Dan Auerbach na ƙungiyar mawaƙa ta Black Keys ne ya tsara aikin. Daga nan na bi sawu har na kai ga Jimi Hendrix, makaɗin jitar nan na Amurka, tunda shi kansa Bombino bidiyonsa ya riƙa kallo yana yaro. Kundin Hendrix Are You Experienced na 1967 gsky jin farko bai shige ni ba, hayaniya tayi min yawa, sai da na dawo masa da dare gari yayi tsit sannan na fara rarrabe abun da jitar take faɗa.

Mai Bes daga Jos: Ɗan Fagge ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ina kaɗawa a wajen biki da taro, kuma bayan naji Texas Flood sai nace nima sai na iya wannan jan tsirkiyar da yake, inda zaka danne tsirkiya ka tura ta sama har sautin ya hau kamar mutum na kuka. Kai jama'a, yatsu na sun yi ƙanta sun fashe, ɗan alin da na tsakiya har ruwa suka ɗura, cin tuwo da miya mai yaji ma sai da ya gagare ni. Daga baya na gane mutumin tsirkiya masu kauri sosai yake sawa, sannan yana sassauta su duka rabin mataki ƙasa, shi yasa sautin nasa yake da nauyi. Kuma kiɗan kundin nan cikin kwana uku suka ɗauke shi a Los Anjalas, kusan yadda suke kaɗawa a dandali ne kawai aka kunna na'ura. Stevie Ray Vaughan ya rasu 1990 a hatsarin jirgi mai saukar ungulu, yana da shekara 35 kacal.

Yar Tudun Wada: Ni kam ba mai kaɗawa bace, saurare kawai. Kaset ɗin babana ne, Live at the Regal na B.B. King, wanda aka ɗauka a Chicago gaban jama'a ya fito 1965. Abun da yake burge ni baya gaggawa ko kaɗan, zai rera baiti ɗaya sai yayi shiru jitar ta amsa masa, mata a cikin zauren suna ihu kana jin su ƙarara. Baba in ya sa shi da yamma a tsakar gida baya son kowa yayi magana, yana kaɗa ƙafa a hankali da carbinsa a hannu. Masu saurin yatsan nan ban cika jure musu ba gsky.

Ɗan Fagge: Yar uwa ai shi ne gindin abun, duk masu saurin daga wajen su B.B. King da Albert King suka ɗebo. Ki nemi kundin Albert King Born Under a Bad Sign na 1967.

Mai Bes daga Jos: Ƙwarai, kuma Albert King bahago ne, juya jitar yake bai sake jeren tsirkiyoyin ba, don haka shi ƙasa yake ja maimakon turawa sama, shi yasa kwaikwayonsa ke da wuya. Hendrix ma bahago, Mdou Moctar na Nijar ma haka.

Kawu na Kumasi: Yara na kun yi ƙoƙari amma bari in ƙara muku. Ni a faifai na fara ji wajen wani abokin aiki, kundin John Mayall da Eric Clapton na 1966, a Ingila aka yi shi. Clapton ya haɗa jitar Gibson da amfilifaya Marshall, wato na'urar ƙara sauti, ya ƙure mata murya har sautin ya fara tsagewa, wannan tsagewar da ada ake gudu ita ta zama abun nema. Sai dai ban yarda da masu cewa wannan da kiɗan Agadas duk abu ɗaya bane. Da na saurara da kyau, blues yana zagaye ne a kan amo uku cikin awo 12 ya dawo ya sake, su kuwa Abzinawa sau da yawa a kan amo ɗaya suke zama suna ta juya shi da tafi. Dangantaka akwai, kunne yana ji, amma tafiyarsu daban.

Ɗan Damagaram: Kawu wannan gaskiya ne, nima da na gwada bin Hendrix da tafin bikinmu sai naga basa zama tare. Amma ka saurari Afrique Victime na Mdou Moctar na 2021, a can blues da kiɗan Agadas dukansu biyun suna ciki. Mai Bes in zaka gwada shi ka fara da tsirkiya marasa kauri don Allah, yatsunka su huta tukuna.