Butulu ko ɗan ci-rani? Hayaniyar da ta tashi a kan Soto

Mai Tasi: Assalamu alaikum jama'a. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Mu Hausawan Bronx a New York masu son ƙungiyar ƙwallon besbol ta Yankees muka haɗu a nan domin labarin ƙungiyarmu, amma kullum na ajiye mota na ɗauko waya, abin da zan tarar shi ne Juan Soto ya buga kaza, Gleyber Torres ya yi kaza a Detroit, Severino ya jefa kaza. Ina ruwanmu da su? Wanda ya fita ya fita. A daina turo mana labarin tsofaffin 'yan wasa, balle na butulun nan. Da kuɗin gumina na saya wa yarona riga mai lamba 22, ko kakar wasa biyu bai sa ta ba Soto ya tsallaka Queens, wurin kishiyoyinmu Mets. Har yau yaron in ya ga rigar sai ya kau da kai.

Badamagare: Wa'alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka, Yaya. Amma butulu? Kalmar ta yi nauyi.

Mai Tasi: Ba ta yi ba. Da akwai wadda ta fi ta ma da ita zan kira shi.

Ɗan Zango: Butulu shi ne wanda aka yi wa rana ya yi wa mutane dare. To wace rana Yankees suka yi wa Soto? Ba su suka raine shi ba. Yaro ne daga Jamhuriyar Dominika, Washington suka ɗauko shi, da su ya ci World Series, wato kofin ƙarshe na besbol, a 2019 yana ɗan shekara 21. Daga can San Diego a 2022. Yankees a Disambar 2023 suka yi musayarsa da 'yan wasa biyar, kuma sun sani sarai shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. Aro aka yi, an gama, an mayar. A shekarar ya ba ku hom-ron 41, wato bugun da ƙwallo ke wuce katanga. Wa ya ci bashin wani?

Kawu: Ni abin da ba zan manta ba shi ne daren Cleveland a 2024, lokacin neman shiga World Series. Wasa na biyar, zagaye na goma, mutum biyu a kan bes, ya yi ta turza ƙafa yana gyaɗa kai, sai ya ɗaga ƙwallon ta wuce katanga. Biyar da biyu aka tashi. Rabonmu da World Series tun 2009, bugun yaron nan ne ya mayar da mu. Ina cikin shago a lokacin, wallahi sai da na rungumi wani mutumin da ban ko san sunansa ba. Wanda ya yi maka wannan, ko ya tafi ba za ka zage shi ba.

Mai Tasi: Kawu, da girmanka, ai wannan ne ya ƙara wa abin ciwo. Filin nan kullum sunansa ake kira, yara sun maida shi gwarzo. Aka zuba masa dala miliyan 760, ya tafi saboda miliyan 765. A kan miliyan biyar! Kuma ba Texas ya tafi ba, ba Kalifoniya ba, gidan kishiya ya shiga.

Mai Lissafi: A gyara lissafin. Tayin Yankees na shekara 16 ne, na Mets shekara 15. Ka raba: can miliyan 47 da rabi a shekara, nan miliyan 51. Bambancin ya wuce biyar ɗin da ake ta maimaitawa.

Mai Tasi: Mai miliyan 47 a shekara yunwa za ta kashe shi?

Mai Lissafi: Ban ce ba. Lissafi kawai na gyara.

Ɗan Zango: Yaya Mai Tasi, bari in tambaye ka tsakaninka da Allah. Ni na bar Kumasi, kai ka bar Kano, Badamagare ya bar Damagaram. Me ya fito da mu? Dukkanmu 'yan ci-rani ne. In wani kamfani ya ƙara maka dala biyu a awa gobe da safe za ka koma can, ba wanda zai ce maka butulu. Soto ma ɗan ci-rani ne irinmu, sai dai nasa kwandon ya fi girma.

Alhaji na Harlem: Kai yaro, iya bakinka. Wa kake kira ɗan ci-rani? Ɗan ci-rani shi ne wanda ke fita bayan girbi ya koma gida da damina ta faɗi. Ni nan na aurar da 'ya'yana, nan jikokina suke makaranta, ina biyan haraji kamar kowa. Ka yi wa kanka suna, kar ka haɗa da ni.

Ɗan Zango: Alhaji, a yi haƙuri, ba zagi ba ne. A wurinmu duk wanda ya bar gida neman halal haka muke ce masa.

Alhaji na Harlem: A wurinku. Ku 'yan zango kun ɗauki Hausa kun juya ta yadda kuka ga dama, sannan ku zo kuna yi mana fassara.

Ɗan Zango: Haba Alhaji! Kakanninmu fataken goro ne da suka taka da ƙafa har Salaga da Kumasi, da Hausarsu suka je, da ita muka tashi. Ba aro muka yi a wurin kowa ba.

Badamagare: To ga shi kuma an taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mu ma na Nijar kullum haka ake mana, wai Hausarmu da Faransanci a ciki, kamar taku babu Turanci.

Hajiya Mai Tuwo: Don Allah ku bari. Daga ƙwallo an koma gorin asali. Alhaji kai ne babba, kai ya kamata ka fara yin shiru.

Alhaji na Harlem: Na yi shiru, amma ya janye.

Ɗan Queens: Ni dai tunda aka ce gidan kishiya, bari in yi magana. Ku zo Citi Field, filinmu na Mets, ku gani, jirgi mai lamba 7 ne kawai. Soto ya buga hom-ron 43 a 2025, ya saci bes 38. Mutum ya je inda aka san darajarsa da ta iyalinsa. Ranar da ya dawo filinku a watan Mayu kuka yi masa ihu, wasu suka juya masa baya, shi kuma ya cire hular kwano ya ɗaga muku. Wa ya fi wani tarbiyya?

Mai Tasi: Wa ya saka wannan a cikinmu? Admin! Kuma da hom-ron 43 ɗin ina kuka je? Ranar ƙarshe ta kaka aka sallame ku, ko ƙamshin wasannin neman kofi na Oktoba ba ku ji ba. Rabonku da kofi tun 1986. Mu 27 gare mu.

Ɗan Queens: Ku da kuka je, ba Toronto ce ta kora ku gida ba? Kuma 27 ɗin nan, nawa ka gani da idonka?

Kawu: Ni na ga na 2000, kuma a kanku muka ci, huɗu da ɗaya.

Ɗan Queens: Kawu na sallama, ba da kai nake ba.

Malamin Makaranta: Ni ina ganin kalmar da ta dace a tattauna ita ce ɗan gida. Akwai ɗan gida, akwai baƙo. Jeter ɗan gida ne, daga 1995 zuwa 2014 riga ɗaya ya sa. Mariano Rivera haka. Judge haka: mutumin Kalifoniya ne, bayan ya buga hom-ron 62 a 2022 ƙungiyoyin jiharsu suka yi ta zawarcinsa, ya zauna, aka ba shi miliyan 360 na shekara tara, aka naɗa shi kyaftin. Irin waɗannan in sun tafi sai a ce cin amana. Baƙo kuwa raɓa ne.

Mai Lissafi: Malam, Judge ɗin ma ai ciniki ya yi. Kafin kakar 2022 an ba shi miliyan 213 da rabi ya ƙi, ya jira farashinsa ya tashi. Da Yankees ba su ƙara ba, da yanzu shi ake wa wannan suna.

Mai Tasi: Kar ka sake ka haɗa Judge da wancan.

Ɗan Zango: Ai dole a haɗa. Wasa na biyar da Dodgers a World Series na 2024, muna gaba biyar da nema, wa ya saki ƙwallo a tsakiyar fili a zagaye na biyar? Ɗan gidan ne. Volpe ya yi mugun jifa, Cole ya tsaya bai rufe bes na farko ba, aka tashi bakwai da shida. Baƙon ba shi ya zubar mana da kofi ba.

Mai Tasi: Kuskure ɗaya! Mutumin da ya buga hom-ron 58 a 2024 za ka tsaya kana ƙirga masa kuskure ɗaya? Yanzu na gane, kai dama ba namu ba ne.

Ɗan Zango: Ni da nake zaune tafiyar minti goma daga titi na 161, inda filin Yankees yake? Na fi ka shiga filin nan. Kuma tunda maganar amana ake, kuɗin tikiti biyu da na saya mana ranar wasan Boston har yau ban ga ko sisi ba.

Mai Tasi: A gaban mutane za ka yi min wannan? Sau nawa na kai ka filin jirgi ban karɓi komai ba? Ka lissafa ka ga wa ke bin wani.

Hajiya Mai Tuwo: Innalillahi. Ku je ku kashe wannan a waya tsakaninku.

Badamagare: Ni tambayata ɗaya ce ba wanda ya taɓa ta. In ɗan wasa ya tafi butulu ne, to in ƙungiya ta yar da ɗan wasa fa? Matsui shi ne gwarzon World Series na 2009, mutum shida ya shigar a wasan ƙarshe. Kakar da ta biyo baya a Angels ya buga, don ba a sabunta masa ba. Wannan me sunansa?

Alhaji na Harlem: Gwiwoyinsa sun gaji a lokacin. Kasuwanci ne.

Badamagare: To shi ke nan, Alhaji ka faɗa da bakinka.

Alhaji na Harlem: Ban faɗi komai ba. Kuma har yanzu yaron can bai janye ba.

Admin: To jama'a ya isa haka, dare ya yi, wasu da asuba za su fita aiki. Na karanta komai daga farko, ga abin da na fahimta. Kusan kowa ya yarda cewa abin da Soto ya yi bai kyautu ba, ko Kawu da ya kare shi don daren Cleveland ne kawai. Lissafin shekara 15 da 16 bai canza komai ba, wanda ya so zama zai zauna, ga Judge nan shaida, kuma ban ji daɗin yadda aka tono kuskurensa ba alhali shi ke ɗauke da ƙungiyar nan a kafaɗa. Maganar Matsui daban ce, shi an rabu da shi cikin mutunci kuma har gobe ana karrama shi a Bronx. Saboda haka labarin tsofaffi irin su Jeter, Rivera da Matsui ana iya turowa, na Gleyber ma babu laifi tunda Detroit ba maƙwabta ba ne. Na Soto kuwa a bar shi sai ranar da za mu kara da Mets. Ɗan Queens zai ci gaba da zama don surukin Kawu ne, amma ya daina saka hoton Citi Field. Ɗan Zango ka kira Alhaji ka ba shi haƙuri kafin Juma'a. Maganar kuɗin tikiti ku same ni bayan sallah a ƙofar masallaci.

Mai Lissafi: Admin, na ƙirga. Mutum biyar ne suka ce ba butulu ba ne.

Admin: An rufe, Malam. Sai da safe.