Ina neman shawara kan digiri na biyu a ilimin yara masu buƙata ta musamman

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, Zariya. Bana an kawo mini yarinya kurma ajina. A gida da maganar hannu irin tamu ta Hausa suke fahimtar juna da mahaifiyarta, amma alamun da na tarar ana koyarwa a makarantun kurame daga na Amurka aka ɗauko su. Sai na rasa wanne zan kama. Wallahi in na ga tana kallon bakina ina koyarwa, zuciyata karaya take yi.

Shi ya sa nake son yin digiri na biyu a wannan fanni. Na san akwai sashensa a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos, amma digirina na farko a Hausa ne. Shin sai na fara yin difloma ta gaba da digiri, ko za a ɗauke ni kai tsaye? Akwai tsarin karatun ƙarshen mako? Ga aiki ga 'ya'ya uku, ba zan iya tarewa Kano ba.

Kuma ina son kwas da zai koya mini zama da iyaye, don mahaifinta har yau cewa yake kai ta makaranta ɓata lokaci ne. Wanda ya bi wannan hanya don Allah ya haska mini.